Lemu a hannu, lemu a kofi: shin 'ya'yan itatuwa na ƙara ƙiba?

[Hoto: hannu ya miƙa zai ɗauki ayaba a kan tebur, ya tsaya, ya janye.]

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Kwanan nan wata magana ta cika wayoyinmu, cewa duk mai son rage ƙiba ya yi nesa da 'ya'yan itatuwa, wai sukari ne zalla aka lulluɓe da ɓawo. Wata 'yar'uwata ta yi wata guda cur ba ta kai ayaba bakinta ba saboda wannan magana, alhali biskit ɗin da aka rubuta wa "mai rage ƙiba" a jikin leda bai taɓa yanke mata a jaka ba. Abin ya dame ni ƙwarai, shi ya sa muka kunna kyamara yau.

Mu fara ba masu maganar gaskiyarsu. Akwai sukari a 'ya'yan itatuwa, babu musu. Ayaba matsakaiciya tana da wajen giram 14. Wani kaso nasa kuma furuktos ne, irin sukarin da hanta ce ke ɗaukar mafi yawan aikin sarrafa shi, idan kuma aka yi mata lodinsa fiye da kima tana mayar da wani sashe kitse.

[Zane: ayaba, kibiya, sukari, kibiya, kitse. Kibiya ta biyu ta fara walƙiya.]

To ku dubi kibiyar nan ta biyu. A nan ake tsallake. Jiki ba ya tara kitse don kawai ya ji zaƙi a harshe. Ƙiba tana taruwa ne idan abin da ke shiga ya ɗara abin da jiki ke ƙonawa, yau da gobe, mako bayan mako. Sukarin ayabar da kuka ci da safe, ƙwaƙwalwa da tsokoki suna jiran sa, abin da ya saura kuma a adana shi a hanta da tsoka don anjima. Saboda haka abin tambaya shi ne, shin 'ya'yan itatuwa suna saurin kai mutum ya wuce buƙatarsa?

[Hoto: sikelin kicin. Gefe ɗaya yankakkiyar kankana cike da faranti, ɗaya gefen cokalin man girki.]

Farantin nan giram 400 ne na kankana. Kalori 120 ke ciki, kalori kuwa shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki. Cokalin nan babba guda ɗaya na man girki, shi ma wajen kalori 120. Ku ƙara kallonsu da kyau.

[Shiru na daƙiƙa uku.]

Sama da kashi 90 cikin 100 na kankana ruwa ne. Giram 100 na lemu kalori 47, na tuffa 52, na mangwaro 60, na ayaba da ake ta zargi 89. Giram ɗaya na mai kuwa kalori 9 ne, giram ɗaya na sukari 4. Ciki ba ya ƙirga kalori, cika yake ji, kuma 'ya'yan itatuwa suna cika shi da araha.

Yanzu ga inda nake so mu zauna sosai, domin a nan gaskiya da ruɗani suka cakuɗe.

[Hoto kusa-kusa: ana ɓare lemu da hannu, ruwan ɓawon yana fesowa.]

Ga lemu guda. Sai kun ɓare shi, kun raba shi ɓari-ɓari, kun tauna, kun tofar da 'ya'yan. Minti uku ko huɗu sun tafi. Kalori wajen 60 kuka ci, sukari wajen giram 12, da giram 3 na faiba, wato zare-zaren nan da fatar da ke riƙe da ruwan, waɗanda hanji ba ya iya narkarwa. Sukarin yana kulle ne a cikin 'yan ƙananan jakunkunan nan da kuke gani suna sheƙi. Haƙori ya fasa wasu, ciki ya yi aiki a kan sauran, faiba ta rage wa abin gudu, sai ya riƙa isa jini da kaɗan-kaɗan. Kafin ku yi tunanin na biyu, saƙon ƙoshi ya fara isa ƙwaƙwalwa.

[Hoto: ana matse lemu ɗaya, biyu, uku, ana tacewa da rariya.]

Ga kuma lemun nan dai, daga bishiya ɗaya. Kafin kofi ya cika sai an matse biyu zuwa uku. Ku tsaya a kan rariyar nan, mai kyamara, matso da ita. Wannan tuƙar da ta taru a sama, wadda za a juye a shara, ita ce birkin. Kofin da ya rage yana da kalori wajen 110, sukari sama da giram 20, faiba kuwa ko giram ɗaya ba ta kai ba. Kuma a daƙiƙa nawa ake shanye shi? Ku ƙirga tare da ni.

[Hoto: ana shanye kofin a tashi ɗaya. Agogo a kusurwar allo.]

Shi ke nan, ya wuce. Mutumin da lemu ɗaya ya ishe shi ya kwankwaɗi sukarin kusan biyu, kuma idan aka kawo abinci yanzu zai ci kamar bai sa komai a ciki ba.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tun a 1977 wasu likitoci a birnin Biristol na Ingila suka gwada shi, aka buga a mujallar likitanci ta Lancet. Mutum 10 aka ba tuffa iri uku a ranaku daban-daban: ɗanya yadda take, markaɗaɗɗiya, da tataccen ruwanta, duka da adadin sukari ɗaya. Ruwan an shanye shi da saurin da ya ninka na cin ɗanyar sau 11. Shi ne ya fi ƙarancin ƙosarwa. Insulin, wato sinadarin da jiki ke fitarwa don sauke sukarin jini, ya fi tashi bayan shan sa, daga baya kuma sukarin jini ya faɗo ƙasa da inda ya faro, abin da bai faru haka ba ga ɗanyar tuffa.

A 2009 Farfesa Barbara Rolls da abokiyar aikinta a Amurka suka zo ta wata hanyar. Mutum 58, ana ba su tuffa ko markaɗaɗɗiyarta ko ruwanta, kowanne kalori 125, minti 15 kafin abincin rana. Ranar da suka ci ɗanyar tuffa, jimillar kalorin da ya shiga cikinsu a abincin ranar, har da tuffar, ya ragu da kashi 15 cikin 100 idan aka kwatanta da ranar da ba a ba su komai ba. Ku lura da kyau, ƙarin abu suka ci, amma lissafin ya sauka. Abin da ya fi burge ni a binciken nan shi ne sun gwada zuba faiba a cikin ruwan tuffar, ko zai ƙosar kamar ɗanya. Bai ƙosar ba. Taunar kanta tana da nata aikin.

Shi ya sa ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba su gida biyu. A ƙa'idar da ta fitar a 2015 ta ce a riƙe sukarin da take kira sakakke ƙasa da kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, in da hali ma ƙasa da kashi 5. A cikin wannan gida ta sa sukarin shayi, da zuma, da ruwan 'ya'yan itatuwa. Sukarin da ke cikin ɗanyen ɗan itace ba ta sa shi a ciki ba. Hasali ma shawararta ita ce a ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da kayan lambu kullum.

[Hoto: kofin ruwan lemu a gefen gwangwanin lemon kwalba.]

Ni dai a ganina, mai neman rage teɓa ya ɗauki kofin nan a matsayin ƙanin gwangwanin nan. Yana da bitamin da gwangwanin ba shi da su, wannan gaskiya ne, amma wajen yawan sukari kurɓi da kurɓi ba su da nisa da juna. Wanda aka markaɗa gaba ɗaya a bilenda ba a tace ba, shi a tsakiya yake: faibar tana nan, taunar ce babu. Hatsarinsa shi ne bilenda ba ta cewa ta ƙoshi. Ayaba biyu, mangwaro guda, madara, zuma cokali biyu, ga abincin rana guda ya shige a kofi, ana kiransa abin sha.

[Hoto: tulin inabi a hagu, ɗan tafin hannu na zabibi a dama.]

Hanya ta biyu ita ce a cire ruwan. Inabi giram 100 kalori 69. Idan ya bushe ya zama zabibi, giram 100 ya kai wajen 300. Dabino ma a nan yake, wajen 280. Babban dabino mai tsoka guda ɗaya ya kai lemu guda a kalori, kuma kowa ya san yadda hannu ke komawa kwanon dabino ba da sanin mai shi ba. Abinci ne mai kyau, a ci, amma a ƙirga a ajiye a faranti kafin a zauna. Na gwangwani da ke iyo a ruwan sukari, a tsiyaye ruwan. Fiya kuma tata daban ce, mai gare ta maimakon sukari, giram 100 kalori 160, rabi ya isa.

[Hotuna a jere, da sauri: mutane suna tafiya, kasuwa, sikelin banɗaki.]

To a rayuwa ta zahiri fa, ba ɗakin gwaji ba? Masu bincike a Jami'ar Harvard sun bi diddigin Amurkawa sama da 133,000 har tsawon shekara 24, suka wallafa a 2015. Waɗanda suka ƙara cin 'ya'yan itatuwa nauyinsu ya karkata ƙasa, wajen rubu'in kilo a duk shekara huɗu ga kowane ƙarin ci ɗaya a yini. Rubu'in kilo kaɗan ne, kuma irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, don haka kada wani ya ce muku abarba ko lemon tsami na narkar da kitse, babu ɗan itacen da ke yin haka. Amma idan da suna ƙara ƙiba kamar yadda ake yayatawa, da a cikin mutane masu yawa haka an gani.

Inda za su iya ƙara muku nauyi shi ne idan ɗori kuka yi. An ci abinci an ƙoshi dam, sannan a bi da ayaba uku don an ce tana da amfani, ai kalori 300 ne suka hau kan abin da ya riga ya isa. Ayabar nan guda ɗaya, da a gurbin biskit ko kek ta shiga, ko kafin abinci, da lissafin ya juya.

[Dawowa fuskar mai magana.]

Hotuna sun ƙare mana, saura tambayoyi biyu da na san suna bakinku.

Na farko, "Na ci kankana jiya, yau sikeli ya ƙaru da kilo ɗaya." 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Kilo ɗaya na kitsen jiki wajen kalori 7,700 ne, kwatankwacin ayaba sama da 70. Abin da sikelin ya nuna miki nauyin abincin da bai gama wucewa ba ne da ruwa, domin duk giram ɗaya na sukarin da jiki ya adana a tsoka yana riƙe ruwa wajen giram 3. Ki hau sikelin lokaci ɗaya da safe, ki kwatanta mako da mako.

Na biyu, cin su da dare. Tuffa kalori 95 ce da hantsi, 95 ce bayan isha'i. Idan yunwa ta taso cikin dare, tsakanin tuffa da abin da hannu ya saba lalubowa a kicin, ni tuffar zan miƙa muku.

Sai dai akwai waɗanda maganar tasu ta fi wannan bidiyo. Mai ciwon sukari ba a hana shi 'ya'yan itatuwa ba, amma adadi da lokaci suna tafiya ne da maganinsa, don haka ya tsara da likitansa, ya kuma fi kowa kiyaye tataccen ruwan. Mai ciwon ƙoda kuma, ayaba da lemu da fiya da busassun 'ya'yan itatuwa suna da sinadarin fotasiyam da yawa, wanda ƙodar da ta raunana ke kasa fitarwa har ya taɓa bugun zuciya. Idan an taɓa ce muku ku kula da fotasiyam, ku kai sunayen nan huɗu asibiti ku tambaya kafin ku ƙara ko guda.

[Hoto na ƙarshe: hannun farko ya dawo, ya ɗauki ayabar, ya ɓare.]