Wa zai biya, kuma a hannun wa kuɗin zai tsaya? Lacca kan siyasar sauyin yanayi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina, iyayenmu mata da ke wancan ɓangaren, 'yan'uwa ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

Ba zan ɗauki lokaci wajen tabbatar muku cewa yanayi ya sauya ba. Manomin da ya yi shuka da ruwan farko, ruwa ya ɗauke masa mako uku har irin ya ƙone a rami, ya riga malaman kimiyya sani. Abin da aka gayyace ni a kansa shi ne siyasar da ke cikin lamarin, wato wa ya jawo, wa zai biya, kuma idan an biya, ta hannun wa kuɗin zai bi kafin ya kai ga wanda ruwa ya ci gidansa.

Mu faro daga 1992. A shekarar ce ƙasashen duniya suka taru a birnin Riyo na Brazil, suka amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi. A cikinta akwai wata ƙa'ida da har gobe a kanta ake faɗa: kowa yana da alhaki, amma alhakin ba ɗaya ba ne. Ingila ta fara ƙona kwal a masana'antu tun fiye da shekara 200 da suka wuce, Amurka da Jamus suka biyo baya, kuma hayaƙin da suka tura sama, mai ɗumama duniya, yana nan bai gama bajewa ba. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta, da mutanenta fiye da biliyan ɗaya, hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Wannan shi ne tushen hujjarmu, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Daga nan sai alƙawura a tarukan yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya. A Kiyoto cikin 1997 aka ɗora wa ƙasashe masu arziki wajibcin rage hayaƙi. Amurka ta sa hannu amma majalisarta ba ta taɓa amincewa ba, Kanada ma daga baya ta fice. A Kofanhagen cikin 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin tara dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020 domin taimaka wa ƙasashe masu tasowa. 2020 ta zo ta wuce ba a cika ba, sai a 2022 lissafinsu ya nuna an kai adadin. A Faris cikin 2015 aka yarda a riƙe ƙarin ɗumamar duniya ƙasa da digiri 2 a kan yadda take kafin zamanin masana'antu, a kuma yi ƙoƙarin tsayar da ita a 1.5, amma kowace ƙasa ita ce za ta rubuta wa kanta abin da za ta yi, babu kotun da za ta kama ta idan ta saɓa. Shi ya sa Donald Trump ya fitar da Amurka, Joe Biden ya mayar da ita a 2021, Trump ya dawo a Janairun 2025 ya sake sa hannu a fice.

Ina so ku riƙe wani abu game da waccan dala biliyan 100, domin shi ya fi ci mini rai. Kaso mafi yawa na kuɗin gwamnatocin da ke cikinta rance ne. Maƙwabcinka ne ya karkato da indararonsa cikin gidanka, ruwa ya rushe maka katanga, ka je ka same shi, ya ce ya ji tausayinka, zai ranta maka kuɗin bulo ka biya shi da ruwa. Ƙasar da rabin kuɗin shigarta ke tafiya wajen biyan bashi, idan ka ƙara mata wani da sunan agajin yanayi, ka ƙara mata nauyi ne kawai.

A Sharm el-Sheikh ta Masar cikin 2022, bayan kusan shekara 30 ana ja-in-ja, aka yarda a kafa asusun biyan asara da ɓarna. Da aka buɗe shi a Dubai a 2023, alƙawuran farko sun tsaya a wajen dala miliyan 700. Ambaliyar Pakistan ta 2022 ita kaɗai an ƙiyasta ɓarnarta da asararta a kusan dala biliyan 30. A Baku ta Azarbaijan cikin 2024 ƙasashe masu tasowa suka nemi dala tiriliyan 1.3 a shekara, aka tashi a kan biliyan 300 kafin 2035. Wakiliyar Najeriya ta miƙe a zauren ta ce wannan wasa ne, kuma ina tare da ita ɗari bisa ɗari.

To, mu dawo gida, domin nan ne maganar ke da ɗaci.

Najeriya ba ta rasa takardu ba. A Gilasgo cikin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa kafin 2060 hayaƙin da ƙasar ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba. A watan Nuwamban shekarar ya sa hannu a dokar sauyin yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa da shugaban ƙasa da kansa ke jagoranta. Amma dokar hana ƙona iskar gas a rijiyoyin mai ta fara aiki tun 1984, kuma har yau akwai garuruwan Neja Delta da dare ba ya yi musu duhu saboda wutar da ke ci a bakin bututu. Gas ɗin da ake ƙonawa a banza a can, shi ne uwargida a Kano ta kasa saye saboda tsada, ta ajiye tukunyar gas a lungu ta koma gawayi. Gawayin nan kuma daga dazukanmu ake saro shi, a cika tirela. Duk wata tattaunawa kan sare itatuwa da ba ta taɓo kuɗin girki ba, ni ban ɗauke ta da gaske ba.

Akwai kuma asusun kula da muhalli, wanda aka kafa tun 1981, ana cire masa kaso daga asusun tarayya domin zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada. Jihohi suna samun rabonsu. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, saboda karkatar da fiye da naira biliyan ɗaya na wannan asusu, a 2022 kuma aka yi masa afuwa. Wannan misali ɗaya ke nan daga cikin waɗanda suka kai gaban alƙali. Ku gaya mini, da wane baki za mu ce wa Bature ya zuba kuɗi kai tsaye a hannun gwamnatocinmu, alhali yana karanta jaridunmu?

Kada a fahimce ni a baibai. Satar da aka yi a gida ba ta goge bashin da muke bin su ba, bashi yana nan. Amma ta ba su abin fakewa, kuma talakanmu ne ke biyan kuɗin fakewar.

Ku dubi Maiduguri. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare. Mutanen Gwange suka farka ruwa ya kai musu ƙugu, kasuwar Monday ta nutse, ruwa ya shiga asibitin koyarwa, katangar gidan yari ta faɗi fursunoni kusan 300 suka tsere, kadoji da macizai suka fito daga gidan namun daji. Ruwan sama ya yi yawa a shekarar, gaskiya ne, kuma wannan na cikin alamomin sauyin yanayi. Amma madatsar ta taɓa jawo ambaliya a 1994, kowa ya san tana bukatar gyara. Haka ambaliyar 2012 da ta 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 600: duk lokacin da Kamaru ta saki ruwan madatsarta ta Lagdo sai a tuna da madatsar Dasin Hausa a Adamawa, wadda aka tsara domin tare wannan ruwa tun shekarun 1980, har yau ba a gina ta ba. Gina ta ba ya bukatar izinin kowa a Baku.

Bari in kai ku inda aka yi abin kirki, kuma 'yan'uwanmu Hausawa ne suka yi. A Jamhuriyar Nijar, dokar daji da aka gada daga Faransa ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati, har wanda ya tsiro a tsakiyar gonarka. Ka sare reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Saboda haka manomi idan ya zo sassabe sai ya share duk wani tsiro tun yana ƙarami, don kada ya girma ya zame masa fitina. Gonaki suka zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi, a sake shuka sau biyu sau uku. Bayan farin 1984, manoman yankin Maraɗi suka fara abin da ake kira sassabin zamani: kututturen da ke tofo, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Gawo ya fi kowa amfani a nan, domin yana zubar da ganye da damina, gero ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa, da rani kuma 'ya'yansa abincin awaki ne. Abin da ya sa al'adar ta bazu har Damagaram shi ne gwamnati ta sassauta, dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen gonarsa. Da mutum ya tabbata itacen nasa ne, sai ya tsare shi. An ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 da suka dawo ta wannan hanya.

Ku gwada wannan da bikin dashen itace da muka saba gani: a zo da motoci da 'yan jarida, a dasa a gefen titi, a watse, babu mai ban-ruwa, kafin rani ya kai tsakiya awaki sun cinye. Shirin nan na babbar katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Sanagal zuwa Jibuti, jihohinmu 11 na arewa suna ciki, kuma hukumarsa tana nan tun 2015. Ina fatan ya yi nasara, amma ba zai yi ba sai an yi wa manomi da makiyayi abin da aka yi a Maraɗi, a rubuta a doka cewa itacen na wanda ya raine shi ne, kuma mai gari da mai unguwa su san da haka.

Ga 'yan jarida da ɗaliban da ke cikin zauren nan, akwai aikin da ba ya jiran kowa. Kowace shekara kafin damina hukumar NiMet tana fitar da hasashen ruwan sama, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Ku nemi sunan ƙaramar hukumarku a ciki. Idan tana nan, ku je wa ɗan majalisar jiharku da tambaya a rubuce: nawa jiharmu ta karɓa daga asusun muhalli a bara, wace magudanar ruwa aka yashe da shi, wane gari aka tanadar wa tudun da za a kwashe mutane? Ku karanta amsar a gidan rediyo da Hausa, idan kuma ya ƙi amsawa, ku faɗi hakan a rediyon.

Shugaban taro ya nuna mini agogo, kuma na ga hannaye a ɗage tun ɗazu daga ɓangaren iyayenmu mata. A miƙa musu makirufo tukuna.