Me ya sa muke tsallaka titi a inda bai kamata ba?

Ka tsaya a Kawo da yamma, ko bakin Kasuwar Sheikh Gumi a Kaduna, ka ga yadda jama'a ke ratsa motoci. Za a ce ganganci ne. Akwai gangancin, amma galibi lissafi mutum ya yi.

Mai keke ya sauke ka inda ya samu wuri, shagon da za ka kuma ga shi can a ƙetare kana hange. A ce gadar ƙafa na gaba da mita 200. Zuwa da dawowa mita 400 ke nan, fiye da minti biyar, ban da hawa. Gadar kuwa sai ta haura mita 5 kafin tirela ta wuce ƙarƙashinta, wato matakala wajen talatin a hau, talatin a sauka. Tsohuwa mai ciwon gwiwa fa? Mace da goyo ga kaya a ka? Mai turin baro ma ba a maganarsa. Da dare in babu fitila, tsoron masu ƙwacen waya kaɗai ya isa ya hana mutum hawa. Zanen tsallakawa kuma, direba nawa ne ke tsayawa a kansa?

To, ga inda lissafin ke karyewa. Layi biyu na mota faɗinsu kusan mita 7 ne, mai tafiya yana buƙatar daƙiƙa 6. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa, mita 100 ke nan kafin ka gama tsallake layukan biyu. Ido bai iya auna gudun abin da ke fuskantarsa ba, musamman babbar mota, wadda girmanta ke sa a ga kamar a hankali take tafe. Tirelolin titin Nnamdi Azikiwe haka suke ruɗar mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga gudun kilomita 50 zuwa 65, haɗarin mutuwar wanda aka buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi.

Mafi muni shi ne bas ta tsaya, direba ya ɗaga maka hannu ka wuce. Ta kare maka layi na biyu, ta kare ka daga idon mai tahowa. Tsaya a daidai hancinta ka leƙa tukuna, ka duba hagu da dama duka, saboda mai babur da ya biyo hannun da ba nasa ba.