Auna yanayi a filin lakwal: lacca ga malaman kimiyya a Tawa

Malamai ƴan'uwana, barkanku da zuwa. Kayan aikin ba su da yawa: allon Arduino guda (ƙaramar kwamfuta da ke karɓar adadi daga na'ura), na'urar DHT22 mai auna zafi da laimar iska, wayoyi uku, da batir. In DHT22 ɗin tsirara kuka samu, ba wadda aka riga aka manna a kan ɗan allonta ba, ku haɗa rezistans (ɗan abin da ke rage gudun lantarki) na kilo-om 10 tsakanin wayar wuta da wayar bayani. Kada yara su nemi adadi daga na'urar ƙasa da daƙiƙa 2 tsakani, don ba ta ba da sabon adadi kafin nan.

Amma inda aka fi kuskure shi ne wurin kafa ta. Na'urar da rana ke duka, ko wadda aka rataya ƙarƙashin rufin kwano, zafin jikinta take faɗa, ba zafin iska ba. A watan Afrilu, nan Adar, sai ta ƙara digiri da yawa a kan gaskiya, yaro ya rubuta a littafinsa ya yarda. Ku sami farantan roba farare biyar, ku kife su bisa juna da tazarar santimita 2, na'urar a tsakiya, iska na ratsawa. A ɗaura su a sanda, tsayin mita 1.5 daga ƙasa, nesa da bango. Lokacin hunturu ƙura na toshe ramukan na'urar, laima ta riƙa fitowa ba daidai ba. A kakkaɓe da busasshen buroshi, kada a wanke.

Ruwan sama kuwa bai buƙatar lantarki. Mazurari mai faɗin baki santimita 16, a kan kwalba mai ƙaramin wuya: duk mililita 20 da ta tara, milimita 1 ke nan, wato lita guda a kowace murabba'in mita. Ku bar yara su yi wannan lissafin da kansu, ya fi a faɗa musu. A karanta kowace safiya a sa'a ɗaya, kafin rana ta shanye ruwan.

Wani ya yi tambaya a kan tantance na'ura. Ku ajiye ma'aunin zafi na gilashi kusa da ita na mako guda, ku kwatanta. Daga nan ku gwada adadinku da na tashar meteyo ta Tawa, da kuma rahoton damina da AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma ta Yamai, ke fitarwa. In sun saɓa, kada a goge adadin yara. A sa su nemo dalili, su fara da duba inda sandar take tsaye.