Ido a kan tsuntsu, madubi ya zo ya same shi

Ƙorafi ɗaya ake ta yi mana kwanan nan: "Na ga tsuntsun da idona, amma ina ɗaga madubin hangen nesa sai in ga reshe kawai." To, madubin ba shi da laifi.

Kafin mu zo kan madubin, bari mu bi ta kan sauran dabarun kallon tsuntsaye da sauri. Idan watan Maris ya kama a ƙasashen sanyi, hunturu ya fara ja da baya, itatuwa ba su gama fitar da ganye ba, tsuntsu ba shi da maɓoya. Ku fito da sassafe, lokacin da mazan ke rera waƙa don kare yankinsu da jawo mata. Rana ta kasance a bayanku. In kun ji kuka ba ku ga mai shi ba, manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell tana gane tsuntsu da muryarsa.

Yanzu ku dubi misalin wani bawan Allah. Ya hango tsuntsu. Ya sunkuya yana laluben madubi a ƙirjinsa. Ya ɗago... ina tsuntsu? Yana nan daram inda yake, mutumin ne ya ɓata.

Ga dalili. Lambar nan 8x42 da ke jikin madubin, 8 na nufin yana kusanto abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Sai dai yana kusantowa filin da kake gani yana tsukewa, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Ka kauce kaɗan, ka koma wata bishiyar.

Mu sake, a hankali. Ido ya kafe a kan tsuntsun. Kai ba ya motsi, haɓa ba ta sauka. Hannu kaɗai ke aiki, shi zai ɗauko madubin ya kawo shi gaban ido. Kun gani? Ga shi tsakiya. Kafin ku ɗaga, ku riƙe wata alama kusa da shi, misali inda reshe ya rabu biyu. Ku fara gwadawa da abin da ba ya tashi, ko da kan turken lantarki ne.

Ni kaina na daɗe ina zargin madubina, har na sayi mai lamba 10. Abin ya ƙara dagulewa, fili ya ƙara tsukewa, rawar hannu ta ƙara fitowa. Kuɗina dai sun tafi.

Waccan mai wutsiya kamar almakashi tsattsewa ce, ta ƙetaro Sahara daga Afirka, tana cikin na farkon isowa. Ita kam ba ta tsayawa kowa. Ku sauke madubin, ku bi ta da ido tukuna.