Zauren da ba ya jiran sallama: lacca kan sankarar tumbi

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Ku ɗauki kowace ƙwayar halitta da ke bangon tumbi kamar gida mai zaure. Saƙo ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye. A zaure yake sallama, a karɓe shi, sannan a aika ciki: ku hayayyafa, ko ku dakata haka nan. Waɗannan zaurukan su muke kira makarɓan saƙo, kuma idan suka lalace, gida yakan yi ta haihuwa ba wanda ya sa shi. Mafarin sankara ke nan.

Wanda na fi so ku riƙe shi ne HER2. Su huɗu ne a danginsu, amma shi kaɗai ne har yau ba a gano baƙon da ke yi masa sallama ba. Aikinsa ya rungumi ɗan'uwansa su aika saƙo tare. To idan ƙwayar gadon da ke ƙera shi ta ninku, sai bangon ya cika da shi maƙil, su riƙa rungumar junansu suna aika "ku hayayyafa" dare da rana, alhali ba kowa a ƙofa. Kusan ɗaya cikin biyar na sankarar tumbi da ta yi nisa haka take. A 2010 aka fitar da sakamakon wani gwajin magani a kan majinyata mai suna ToGA: da aka ƙara maganin trastuzumab, mai toshe wannan zaure, a kan maganin da aka saba, matsakaicin tsawon rayuwar majinyata ya tashi daga wata 11.1 zuwa 13.8. Na ga wasu sun taɓe baki. Kusan wata uku ne, ƙwarai, amma ku tambayi mai jinyar mahaifinsa darajar wata uku. Kuma sai wanda aka gwada tsokar sankararsa aka ga HER2 ya yi yawa yake cin moriyarsa.

Akwai kuma ɓarawon zaune, Helicobacter pylori, ƙwayar cutar nan ta gyambon ciki da Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya, har suka ci kyautar Nobel a 2005. Ita maƙalewa take yi a makarɓan da ke bangon, ta tsira allurarta, ta zuba wani sinadari mai suna CagA. Shi kuma ya shige ciki yana kwaikwayon muryar ɗan aike, yana cewa "ku hayayyafa". Tun 1994 hukumar binciken sankara ta WHO ta sa ta a sahun masu haddasa cutar.

A nan maganar ta zo gida. Wani likitan fiɗa da ya yi aiki a Maiduguri, Holcombe, ya rubuta a 1992 cewa yawancin mutanenmu na ɗauke da ƙwayar, amma sankarar ba ta yi yawa ba. Ni dai ina da ja. Mutum nawa ne a karkararmu aka taɓa zura wa na'urar leƙa tumbi? Sai a ce olsa ce, a yi ta shan magani har mai afkuwa ta afku, ba a rubuta sunan cutar a ko'ina ba.

Hajiya, na ga hannunki a sama. Bismillah.