Sassan Fuska a Harshen Sifaniyanci

Malama Hadiza: Masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau fuska za mu taɓa, wato "la cara". Malam Bello, ta ina za mu faro?

Malam Bello: Daga ido, Malama, don a nan mai koyo yake fara tuntuɓe. Ana rubuta shi "ojo", sai Bahaushe ya karanta da "j" irin ta jaki. To ba haka ba ne. Wannan "j" daga maƙogwaro take fitowa, kusan "kha" ɗin da almajiri ya sani a allo. Haka "ceja", gira, da "oreja", kunne.

Malama Hadiza: Kunnen ma biyu ne a wurinsu.

Malam Bello: Ƙwarai. "La oreja" ita ce ta waje, inda ake sa ɗan kunne. Cikin kuwa, inda ake ji, "el oído". Idan ciki ke ciwo ka ce wa likita "oreja", fatar waje zai duba.

Malama Hadiza: Ni abin da na fi jin tsoro jinsi ne. Mu hanci namiji ne, baki namiji, goshi namiji. Su kuma duk mata: "la nariz", "la boca", "la frente". Kuma idan ka yi kuskure ka ce "el frente", ka bar goshi ka tafi fagen daga.

Malam Bello: Shi ya sa ba a haddace kalma tsirara. A riƙe ta da "el" ko "la" ɗinta tun ranar farko. Biyar a rana sun isa, a tsaya gaban madubi ana taɓa wurin ana faɗa da ƙarfi.

Malama Hadiza: "Z" ɗin "nariz" fa?

Malam Bello: A Madrid harshe tsakanin haƙora, kamar "tha" ta Larabci. A Meziko "s" kawai. Jam'inta "narices", "z" ta koma "c".

Malama Hadiza: Sai leɓe, "los labios", haƙora "los dientes", harshe "la lengua". Wannan ta yi mana sauƙi, domin kamar Hausa, tana nufin na baki da kuma yaren da ake magana da shi.

Malam Bello: Abu ɗaya ya rage. Mu mukan ce "na wanke fuskata". Su ba sa cewa "mi cara" a nan, sai "me lavo la cara". Wannan "me" ta riga ta nuna mai fuskar.