Zaɓen katin hoto mai sauƙin kuɗi don zana kayan da injin CNC zai sassaƙa

Masu kallo, sau da yawa ana gaya wa mai koyon zana kayan ƙarfe a gida cewa sai ya sayi katin hoto mai tsada kafin aikinsa ya tafi daidai, alhali mafi yawan lissafin hanyar da wuƙar injin CNC (injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa) za ta bi cikin ƙarfe furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ce take yin sa. Aikin katin shi ne nuna zanen a allo, ta yadda idan ka juya shi, ko ka matso da shi don duba zurfin wani rami, hoton zai bi hannunka ba tare da cijewa ba.

Don haka a fara da tambayar manhajar da za a yi aiki da ita. Fusion ta kamfanin Autodesk, wadda a da ake kira Fusion 360, tana amfani da DirectX 11, wato hanyar da manhaja ke magana da katin, a kan Windows, kuma katin wasannin kwamfuta matsakaici ya ishe ta. SolidWorks kuwa ta dogara da wata hanyar daban mai suna OpenGL, kuma kamfanin da ya mallake ta yana fitar da jerin katunan da ya gwada ya amince da su, irin na ƙwararru daga NVIDIA da kuma Radeon Pro na AMD. A kan katin wasanni za ta yi aiki, amma RealView, wanda ke nuna ƙyallin ƙarfe kamar na gaske, a rufe yake zuwa.

Ga mai zana kaya ɗaya bayan ɗaya, gigabait 4 na ma'adanar katin sun wadatar. Wanda yake haɗa ɗaruruwan sassa a zane guda, shi ne zai ci moriyar kati irin RTX 3060 mai gigabait 12.

Abin da nake ganin ya fi cancantar kulawa shi ne wuta da girman akwatin kwamfutar, domin a nan ne kuɗin da aka yi tattali yake zurarewa. Ramin PCIe, inda ake soka katin a cikin kwamfuta, yana ba da wat 75 ne kawai. RTX 3060 yana jan kusan wat 170, yana kuma buƙatar wayar wuta ta daban, wadda tsofaffin kwamfutocin ofis da dama ba su da ita, sai mutum ya tarar dole ya sauya na'urar wutar gaba ɗaya. Siraran katuna irin T600 da T1000 suna shiga ƙaramin akwati, kuma wutar ramin ta ishe su, sai dai mahaɗarsu Mini DisplayPort ce, don haka a tanadi wayar da za ta dace da allon.

Idan na hannu za a saya, Quadro P2000 na 2017 mai gigabait 5 har yanzu yana ɗaukar irin wannan aiki. Kafin a biya, a sa shi a kwamfuta, a saurari ƙarar fankarsa, a buɗe babban zane a yi ta juya shi har ya ɗauki zafi, a ga ko hoton zai tsinke.